Fedar birkin Camaro ta 1968 tana wasa, birki kuma yana kamawa idan mota ta ɗauki zafi

Bakanon Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu masu sana'ar gyaran mota da ke wannan zaure. Shawara nake nema a kan wata tsohuwar mota ƙirar Amurka da maigidana ya damƙa mini kulawarta a nan Jidda. Chevrolet Camaro ce ta shekarar 1968, mai injin 396 da giyar hannu mai hawa huɗu. Daga masana'anta da birkin ganga ta fito a ƙafafu huɗu, kuma babu busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, amma wanda ya riƙe ta kafin ta zo hannunmu ya mayar da ƙafafun gaba birkin faifai, ya kuma ɗaura mata busta da wani masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu.

Tun da na fara tuƙa ta na lura cewa fedar birki tana girgiɗi hagu da dama, har wani lokaci tana gogar fedar kuloch, kuma idan na taka tana tafiya kusan faɗin yatsa biyu babu abin da take turawa, sai in ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin dashbod, sannan birki ya kama gaba ɗaya a lokaci guda, har gaban motar ya duƙa. Na kai ta wata warsha, wato gareji, a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, mai gyaran ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya kwance notin kulle, ya ƙara wa sandar da ke tura busta tsawo, ya ce an gama. Wasan ya ragu ƙwarai, amma sai wata sabuwar matsala ta ɓullo wadda ta fi ta farko tayar mini da hankali. Da safe idan na fito motar tana tafiya sumul, amma bayan na ɗan yi tafiya a cikin cunkoson hanyar Madina sai in ji ta yi nauyi kamar ana riƙe ta ta baya, ƙafafun gaba su ɗauki zafin da ba a iya kai hannu kusa da su, ga ƙauri yana tashi. Idan na tsaya ta huce sai ta saki da kanta. Ban da wannan, akwai wani ɗan huci da nake ji a wajen ƙafata duk lokacin da injin ke aiki, fitilar birki ta baya kuma wani lokaci ba ta mutuwa sai na sa ƙafa na ɗago fedar.

Lokacin sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, ya kusa, dole ne ta shiga fahas, wato gwajin lafiyar mota, kuma maigidana yana da niyyar hawa da ita Ɗa'if ta hanyar dutsen Hada idan zafi ya tsananta. Ni kuwa ba zan yarda in sauko da iyalin mutum daga wannan dutse da irin wannan birki ba. Tambayata ita ce, shin masta ne ya lalace, ko busta, ko kuwa laifin yana cikin haɗin fedar ne? Kuma idan a fedar ne, daga ina ya kamata a fara? Ina da sifanu na inci da jak, kuma ina iya ƙananan gyare-gyare da hannuna. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Makka, ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka yi daidai da ka ƙi amincewa da wannan birki, kuma ina roƙonka kada motar ta sake hawa titi sai an kammala abin da zan bayyana. Bisa bayaninka, ban ga dalilin da zai sa ka sayi masta ko busta a yanzu ba. Wasan da ka fara ji ba daga tsawon sanda ya fito ba, daga wuraren da ƙarfe ya cinye ya fito, don haka ƙara mata tsawo bai cike gurbin da ya zaizaye ba, sai dai ya danne busta ya hana shi komawa mazauninsa.

Bari in fara da yadda abin yake a ɗaure. A ƙarƙashin dashbod akwai maratayin ƙarfe wanda ya taso daga bangon da ya raba injin da cikin mota. A motar da ke da giyar hannu irin taka, fedar kuloch tana da shaf a jikinta wanda ya ratsa maratayin, fedar birki kuma a kan wannan shaf ɗin take lilo, da bushin roba mai tauri a tsakani. Ƙasa da shaf, a jikin hannun fedar, akwai huji inda ake haɗa sandar turi ta hanyar wata gwafar ƙarfe da fil ya ratsa ta, aka riƙe shi da kilif. Wurare uku ke nan da wasa ke iya shiga: bushin, hujin fedar, da fil ɗin kansa. Robar da aka saka tun 1968, ko ma wadda aka sauya daga baya, zafin da ke taruwa a cikin motar da aka rufe a ranar Jidda yana busar da ita ta farfashe ta zube, daga nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Girgiɗin hagu da dama da ka ambata shaidar wannan ce.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne feda tana ninka wasa kamar yadda take ninka ƙarfi. Ka auna daga tsakiyar shaf zuwa tsakiyar wurin da kake taka ƙafa, ka raba da nisan da ke tsakanin shaf da hujin fil, abin da ya fito shi ne yawan ninkin. A motar da ba ta da busta ninkin yana kusan 6, a mai busta kuwa kusan 4. Saboda haka idan fil yana wasan milimita 1 kawai a cikin hujinsa, a ƙafarka za ka ji milimita 6. Idan bushin ma sun tafi, sai ka tara wannan da wancan, ka ga yadda faɗin yatsa biyu yake samuwa ba tare da masta ya yi laifin komai ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi zargi. Fedar waɗannan motoci na kamfanin General Motors tana zuwa da huji biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da shi kaɗan. Na sama na birkin da ba shi da busta ne, domin ƙafa kaɗai ce ke aiki, tana bukatar ninki mai yawa. Na ƙasa na mai busta ne. Shi ya sa ma ake ɗaura busta a kan ƙafafun ƙarfe masu karkata, bayansa ya sunkuya, domin sandarsa ta nufi hujin ƙasa kai tsaye. Wanda ya yi sauyi cikin gaggawa yakan mayar da gwafar inda ya same ta, wato hujin sama. Sakamakon haka abu biyu ne. Na farko, birki yana yin kaifi fiye da kima, ka taɓa kaɗan ya cafke, feda kuma tana yin doguwar tafiya. Na biyu, sandar tana shiga busta a karkace, tana gogar wuyansa na baya wanda roba ce mai tauri, har robar da ke toshe wurin ta fara shan iska. Hucin da kake ji a wajen ƙafarka yana iya zama daga nan, ko kuma daga bawul ɗin cikin busta wanda doguwar sandar ta bari a ɗan buɗe.

Kamawar birki idan mota ta yi zafi kuwa, ga yadda take faruwa. A ƙasan tankin masta akwai wani ɗan ƙaramin huji wanda man birki ke komawa ta cikinsa idan ka ɗaga ƙafa. Fistin yana tsayawa ne dab da bayan wannan huji, don haka idan an tura shi gaba ko da kaɗan ne, robarsa tana toshe shi. Da safe man yana da sanyi, ba ka jin komai. Da ka fara taka birki a cunkoso sai man ya ɗumama ya kumbura, ba shi da hanyar komawa tanki, sai ya matse faifan gaba, matsewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara matsewa. Idan ka tsaya ya huce sai ya saki, daidai yadda ka kwatanta.

Kana iya tabbatar da wannan da kanka. Ka bar injin ya yi aiki, ka yi ta taka birki a harabar gida har ya fara kamawa, sannan ka ɗaga gaban motar, ka tokare ta da kyau, ka gwada juya taya da hannu. Idan ta ƙi juyawa, ka shiga ciki ka zare fil ɗin gwafa. In tayar ta saki nan take, tsawon sandar feda ne. In ba ta saki ba, ka sassauta notuna biyu da suka riƙe masta a jikin busta, ka ja shi gaba kamar milimita 3. In ta saki a nan, ɗan sandan da ke tsakanin busta da masta ne ya yi tsawo. In har yanzu tana riƙe, ka ɗan buɗe mafitar iska a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, ka zargi tiyon roba da ya ruɓe ta ciki. Ka bi su a jere haka, kada ka tsallake, ka kuma kiyaye fenti, domin man birki yana cinye shi.

Gyara kuwa daga sama ake farawa a gangaro ƙasa. Ka cire kan batir, ka fitar da kujerar direba don ka sami wurin kwanciya, ka sassauto sandar sitiyari idan ta tare maka hanya, ka zare kilif ɗin shaf, ka fito da fedojin biyu waje inda akwai haske. Sai an sabunta bushin, an gyara huji, an sa fil na gaskiya a hujin da ya dace, sannan ake taɓa tsawon sanda, makunnin fitila kuma shi ne na ƙarshe. Ka dawo ka gaya mana abin da idonka ya gani.

Mai Makhrata ya rubuta:

Sallama ga kowa. Baba ya yi bayani mai gamsarwa, ni zan ƙara ne a ɓangaren ƙarfe, domin irin waɗannan fedoji suna zuwa hannuna a wurin aikina na makhrata, wato injin sassaƙa ƙarfe.

Malam Bakano, idan ka fito da fedar, abu na farko da za ka duba shi ne ko fil ne a cikin gwafar ko kuwa wani ya cusa kusa mai zare. Fil na asali kaurinsa 3/8 na inci ne, wato milimita 9.5 da ɗan ɗoriya. A nan ƙasar kayan milimita suka fi yawa a shaguna, na milimita 10 ba ya shiga hujin, sai mai gyara ya ɗauki na 8 ya zura ya ɗaure da noti. Tun ranar farko an sami wasan milimita ɗaya da rabi ke nan, wanda a hujin sama zai zama kusan milimita 9 a ƙafa. Bayan haka zaren kusar yana aiki kamar zarto, duk takawa yana ɗan gatsar gefen hujin, har ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Idan ka haska tocila za ka ga garin ƙarfe mai ƙyalli ya taru a cikin gwafar ko a kan darduma daidai ƙarƙashinta.

Idan hujin da ya cinye shi ne na sama, kuma kai na ƙasa za ka koma, to ka huta, domin na ƙasan ba a taɓa amfani da shi ba, goge tsatsa kawai yake bukata. Amma idan wanda za ka yi aiki da shi ne ya lalace, hanya biyu ce. Ko dai a faɗaɗa shi kaɗan a kan injin huda na tsaye, a matsa bushin tagulla a ciki, a daidaita cikinsa da kaurin fil, ko kuma a cike shi da walda, a goge fuska biyu, a sake hudawa a ainihin tsakiyar da yake tun farko. Ni na fi son ta farko matuƙar akwai isasshen nama a gefen hujin, domin ba ta sa wa ƙarfen zafi. Kowace aka zaɓa, kada a yi hudar da injin hannu, saboda hujin da ya karkace yana sa fil ya ciza gefe guda, kuma kada a yi walda fedar tana jikin mota, inda wayoyi da darduma suke.

Ka duba maratayin ma. Nauyin kuloch na injin 396 ba ƙarami ba ne, kuma idan bushin suka zube, shaf ɗin yana cin hujin maratayin a ɓangaren da ake taka kuloch. Sabbin bushin ba za su zauna a hujin da ya faɗaɗa ba, za su sake fashewa cikin ɗan lokaci. Shi ma shaf ɗin ka shafa shi da farce, idan ka ji tsagi ko wuya ya fito masa, sai an cike an sassaƙe shi ya koma kaurinsa. Wajen haɗawa ka shafa giris kaɗan, irin wanda ba ya cin roba, ka kuma sa sabon kilif a kan fil. Kada ka yarda da waya ko ƙusar kafinta da aka lanƙwasa a wannan wuri, domin idan fil ya zame, feda za ta tafi har ƙasa babu abin da ke haɗe da ita.

Abu Maryam, Riyad, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina tare da Baba a kan cewa daga bushin za a fara, amma ina da ɗan saɓani da Yaya Mai Makhrata a kan walda. Ni a ganina hannun fedar birki ba wurin da za a cike da walda ba ne idan akwai yadda za a sami wani. Camaro ta 1967 zuwa 1969 tana cikin motocin da har yau ake ƙera musu sabbin kayan gyara a Amurka, fedoji da bushin da fil da kilif duk ana samunsu a saiti, kuma ba su da nauyin da kawo su zai yi tsada. A tashlihi, wato kasuwar kayan tsoffin motoci, na Ha'ir a nan Riyad ko na Buraiman a wajenku, ba lallai ne a sami mota mai wannan shekaru ba, don haka odar ta fi sauƙi. Wanda ya ƙware yana iya yin waldar ta yi kyau, ban musa ba, amma mai mota ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙarfen bayan an goge an shafa fenti.

Ina kuma jan hankalin masu karatu da ke da wasu motocin cewa maganar huji biyu ba ta shafi kowace ƙira ba. Tawa Ford Mustang ce ta 1967, kuma a wurinta babu gwafa. Wani ɗan ƙarfe ne a manne a jikin fedar, idon sandar turi yana shiga kansa da ɗan bushin roba, makunnin fitila kuma yana rungume da idon sandar, ƙaramin wasan da ke wurin ne ma yake kunna shi. Fedar mai busta daban take da ta marar busta, ta fi tsawo kuma a sama take rataye, saboda haka wanda ya ɗaura busta dole ne ya sauya fedar gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe, Malam Bakano, tunda hannu ya riga ya shiga wannan birki, ka tabbatar da irin mastan da aka ɗaura. Daga ƙirar 1967 motocin Amurka suka koma masta mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban, don haka taka ya kamata ta kasance haka. Amma faɗin fistin yana bambanta, na marar busta yawanci inci 1 ne, na faifai mai busta kuwa inci 1 da 1/8. Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Idan ka taka da nauyin kilo 45 a ninki 6 a kan fistin inci 1, man zai kai matsin kusan psi 760 (psi ma'aunin matsi ne) da ƙafarka kaɗai. Wannan nauyin a ninki 4 a kan fistin inci 1 da 1/8 kusan psi 400 kawai zai bayar, sauran busta ne ke cikawa. Ma'ana, da zarar ka koma hujin ƙasa, dogaronka ga busta ya ƙaru. Shi kuwa busta da zuƙar iskar injin yake aiki, yana son kusan inci 18 a ma'aunin zuƙar iska, kuma wannan zuƙa tana raguwa idan aka hau tudu, kusan inci 1 a kowace mita 300. Ɗa'if ta haura mita 1,800 daga bakin teku. Bustan da ke shan iska yana iya wucewa a Jidda ba a gane ba, amma a saman Hada feda za ta yi tauri.

Bakanon Jidda ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba da Yaya Mai Makhrata da Malam Abu Maryam. Na bi gwajin a jere kamar yadda Baba ya tsara. Da tayar gaba ta ƙi juyawa, ina zare abin da ke cikin gwafar sai fedar ta ɗan yi tsalle baya, tayar kuma ta saki har tana juyawa da hannu ɗaya.

Abin da na zare ɗin kuwa ba fil ba ne, kusa ce mai zare ta milimita 8, kuma tsakiyarta ya cinye har zaren ya shafe, ya yi wuya siriri mai ƙyalli. Tana cikin hujin sama, wanda ya koma siffar ƙwai, na ƙasan kuma yana nan da tsohon fentinsa, babu alamar an taɓa sa masa komai. Da na fito da fedojin, ɓurɓushin farar roba ne kawai ya zubo mini a fuska, babu bushin ko ɗaya da ya rage cikakke. Shaf ɗin yana da ɗan tsagi mara zurfi, hujin maratayin kuma da sauƙi, sabon bushin ya shiga ya zauna daram. Maigidana ya amince aka yi odar saitin bushin da fil da kilif, shaf ɗin kuma wani mai makhrata ya goge shi ya ce bai kai a cike ba.

Yanzu na haɗa komai. Na rage tsawon sandar har fil ya shiga hujin ƙasa da yatsa, ba tare da na tura fedar ko na ja sandar ba, sannan na ɗaure notin kulle. Sandar ta miƙe sosai da bayan busta, girgiɗin ya tafi, ƙas ɗin nan ma babu shi, hucin kuma ya ɗauke. Sai dai tambayoyi biyu sun rage mini. Fedar yanzu tana zaune ƙasa da inda take a da, ba ta kai robar da ke tare ta a sama ba, shin haka ya kamata? Na biyu, fitilar birki yanzu a kunne take koyaushe, domin hannun fedar ba ya kaiwa ga makunnin. Kuma ko akwai bukatar in auna ɗan sandan da ke tsakanin busta da masta, tunda gwajin bai nuna laifinsa ba?

Tsohon Bakanike, Makka, ya rubuta:

Madalla, ɗana, aikin ya yi kyau, musamman yadda ka bar fil ya shiga da kansa. Zaman fedar a ƙasa kaɗan daidai ne. A motar da ba ta da busta, sifirin ne ke jan fedar sama har ta daki robar, amma a mai busta sifirin cikin bustan ne ke mayar da ita, sandarsa kuma ita ke yanke inda za ta tsaya. Kada ka ƙara tsawo don ta kai robar, domin idan ta daki robar kafin busta ya gama komawa, matsalar jiya ce za ta dawo. Abin da za ka tabbatar shi ne, idan ka taɓa fedar da yatsa kana jin ɗan wasa na milimita 3 zuwa 6 kafin ta fara turi, kuma idan ka taka da iyakar ƙarfinka akwai sauran fili mai kyau tsakaninta da dabe.

Makunnin kuwa shi ake kawowa wurin feda. Ka matso da shi a cikin mariƙinsa har hannun fedar ya danne kansa fitila ta mutu, sannan ka sa wani ya tsaya a baya, ka ga tana kamawa da zarar fedar ta motsa kamar santimita 1. Idan ya ƙure bai kai ba, akwai ɗan harshen ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin fedar motoci masu busta domin ya taɓa makunnin, masu sayar da saitin da ka yi oda suna da shi.

Ɗan sandan tsakiya ka auna shi, tunda ba mu san wanda ya haɗa wannan masta da wannan busta ba. Ka ja mastan gaba ba tare da ka kwance bututunsa ba idan suna da sassauci, ka manna ɗan ƙwallon yumɓu a kan sandan, ka mayar ka ɗaure, ka sake cirewa ka auna kaurin da ya rage. Kusan rabin milimita ake so. Ka leƙa bayan fistin ma, domin akwai mai rami mai zurfi da mai rami mara zurfi, kuma kowanne da tsawon sandan da ya dace da shi. Bayan ka mayar, ka buɗe murfin tanki, wani ya taka a hankali, ya kamata ka ga man ya ɗan motsa sama, alamar hujin komawa a buɗe yake.

Tunda faifan gaba sun sha zafi sau da yawa, ka duba fuskarsu da ta fad ɗin, wato takalman birkin da ke matse su, idan sun yi shuɗi ko ƙyalli kamar gilashi a gyara ko a sauya, ka kuma sake giris ɗin boris na ƙafafun gaba. Man birkin ka zubar da shi gaba ɗaya. Man birki nau'in DOT 3 sabo yana tafasa ne daga digiri 205 na Celsius, amma idan ya sha danshi yana saukowa wajen 140, ga kuma raɓar Bahar Maliya da kuke ciki. DOT 4 ya fi shi juriya, daga digiri 230 yake farawa, kuma yana haɗuwa da DOT 3, amma kada ka kusanci DOT 5, domin shi ba ya gauraya da su. Shawarar Abu Maryam a kan busta ka ɗauke ta da muhimmanci: ka kashe injin, ka taka sau da yawa har feda ta yi tauri, ka riƙe ta, ka tayar da injin, dole ne ka ji ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. Sannan ka sa ma'auni a tiyon busta ka ga abin da injin ke bayarwa a tsaye. Idan ya gaza inci 15 a Jidda, ka sanar da mu adadin kafin a yi maganar Ɗa'if, kuma ko ya cika, ranar saukowa daga Hada ka riƙe ta a giya ta biyu injin ya taya birki aiki.